Shirun da na ɗauka haƙuri ne

Mai ɗakina ta rasu ba tare da ta kwanta jinya ko ta kwana ɗaya ba. Da safe ta ce kanta yana sara mata, na ce ta sha magani ta ɗan kishingiɗa, na fita kasuwa. Kafin azahar aka kira ni cewa ta yanke jiki ta faɗi a bakin murhu, kafin magariba kuwa mun dawo daga maƙabarta. Likita ya ce hawan jini ne ya fasa mata jijiya a ƙwaƙwalwa, ciwon da ta daɗe tana ɗauke da shi ba mu taɓa zuwa an auna ba. Shekararmu 14 da aure.

Ƙannena, ina rubuta muku wannan ne saboda abin da na yi bayan an watse daga zaman makoki. Mace idan mijinta ya rasu, shari'a ta ba ta takaba ta wata 4 da kwana 10, kamar yadda ya zo a aya ta 234 cikin Suratul Baƙara, kowa kuma ya san tana cikin wani hali. Namiji kuwa da an yi kwana uku an naɗe tabarmi, sai a ɗauka ya warke. Ni ma na yarda da hakan. Duk wanda ya ce mini "Ya ƙarin haƙuri?" sai in amsa da "Da godiya", alhali da dare ba na runtsawa. Na kulle ɗakinta, na daina ambaton sunanta, na kuma hana yara su yi zancenta a gabana, ina ganin wannan shi ne tawakkali.

Ba shi ba ne. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye lokacin da ɗansa Ibrahim yake barin duniya, ya ce ido yana zubar da hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba za mu faɗi komai ba sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Nana A'isha kuma ta ruwaito cewa yakan yawaita ambaton Nana Khadija bayan rasuwarta, har idan ya yanka akuya yakan aika wa ƙawayenta da nama. Na san waɗannan tun ina makarantar allo da ta zaure, amma kunyar kada a ce namiji ya karaya ta rufe mini ido.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne wanda na yi wa autarmu mai shekara 5. Da ta tambayi ina Ummanta, sai na ce ta yi tafiya. Yarinyar nan ta shafe watanni duk sa'ad da aka taɓa ƙyauren gida sai ta ruga da gudu, har ranar da wata yarinyar maƙwabta ta faɗa mata gaskiya a wajen wasa. Ta daɗe ba ta yarda da maganata ba. Idan haka ta same ku, ku zaunar da yaro ku gaya masa da bakinku, daidai hankalinsa, cewa mahaifiyarsa ta rasu, ba za ta dawo ba, kuma addu'arsa tana isa gare ta.

Ku kuma kiyayi kalmar "da". Na yi shekara guda ina cewa da na kai ta asibiti a safiyar nan, sai wani dattijo abokin mahaifina ya tuna mini hadisin da ke cewa "da" tana buɗe ƙofar aikin Shaiɗan. Abin da ya rage a hannuna shi ne rayayyu, don haka yanzu kowane baligi a gidanmu yana zuwa awon jini.

Ranar da na buɗe ɗakin, ni da babbar 'yata muka shiga. Ƙanshin turaren wutarta yana nan a jikin mayafanta. Yarinyar ta ɗauki ɗaya ta rungume, ta ce, "Baba, yanzu za mu iya yin hirar Umma?" Na ce mata e, muka zauna a bakin gadon muna kuka, har aka kira sallar la'asar.