Abin da Tankin Murjani Ya Koya Mini a Jidda

Kafin in je Jidda, murjanin da na sani shi ne na wuyan kakata, jajayen tsakiya da take ɓoyewa a cikin kwalla sai ranar biki. Irinsa daga Bahar Rum ake ciro shi, fatake suka riƙa ratsa Sahara da shi zuwa ƙasar Hausa. Ban taɓa kawowa a raina cewa abu ne mai rai ba, sai da Allah ya kai ni aiki a wani shago da ke haɗa tankunan gilashi na kifin teku don gidaje da ofisoshi. Maigidana dattijo ne, Bahaushen Sudan, tashin Bur Sudan, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana nutso a Bahar Maliya. Baba nake ce masa.

Ranar farko ya nuna mini wani reshe mai ruwan ƙasa a cikin tanki, ya ce, "Ɗana, mene ne wannan?" Na ce itace ne. Ya ce murjani ne, dabba ce, kuma ba ɗaya ba, ɗaruruwa ne a haɗe, kowace da bakinta da 'yan hannayenta, suna gina ƙashi da sinadari irin na alli. A cikin naman jikinsu akwai wata gansakuka da ido ba ya gani, ita ke sarrafa hasken rana ta ba su yawancin abincinsu, ita ce kuma ke ba su launi. Shi ya sa tsaunukan murjani na ƙasashe masu zafi, wato tarin ƙashin da suke ginawa a cikin teku, suke a ruwa marar zurfi, garau, inda rana ke ratsawa.

Na ji bayanin, amma bai shige ni ba sai da na yi asara. Wani mai ofis ya ba da aikin tanki mai cin lita 600, yana so a gama kafin ranar buɗe ofishinsa. Baba ya tafi gida ta'aziyya, ni aka bari. Na jera duwatsu, na zuba yashi, na haɗa ruwan gishiri, komai ya yi tas. Mutumin ya dame ni da waya, ni kuma ina son in nuna na iya, a rana ta biyar na saki kifi goma sha biyu. Kafin mako ya zagayo bakwai sun mutu, sauran suna haki a saman ruwa. Har yau idan na tuna yadda na riƙa tsamo su da raga, raina yakan ɓaci, domin rayuka ne da aka ɗauko daga teku mai nisa suka ƙare a hannuna.

Da Baba ya dawo bai yi mini faɗa ba. Ya ɗebi ruwan a 'yar kwalba, ya ɗiga maganin gwaji, launin ya juye. Ya ce, "Ruwa ba ya tsami banza." Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, wadda guba ce. A teku akwai bakteriya da ke mayar da ita naitirait, wasu kuma su mayar da wannan naitiret, mai sauƙin illa. Sabon tanki ba shi da isassun waɗannan ƙwayoyi, sai sun hayayyafa a cikin ramukan duwatsu da yashi, abin da kan ci mako huɗu zuwa shida. A tsawon wannan lokaci tankin na nan fayau, mai shi na ganin kamar ba a yin komai, alhali a lokacin ne ake gina ginshiƙin aikin. Abin da ya fi mini wuya a sana'ar nan shi ne in dubi mutumin da ya biya kuɗi masu yawa in ce masa, "Ranka ya daɗe, sai ka ƙara haƙurin wata guda."

Daga nan na koma mai riƙe littafi. Gishiri wajen giram 35 a kowace lita, wato ma'aunin nauyin ruwan ya tsaya tsakanin 1.025 da 1.026. Zafi digiri 25 zuwa 26. Sinadarin kalsiyam kusan miligiram 420 a kowace lita, domin da shi murjani ke gina ƙashinsa, kullum kuma raguwa yake yi. Ruwan famfo ba ya shiga sai an tace shi da na'ura, saboda tagulla kaɗan ta isa ta kashe murjani. Idan ruwa ya ragu saboda tururi, da ruwan daɗi ake cikawa, don gishirin bai tafi ko'ina ba. Na ga tankin da mai kula da shi ya riƙa ciko da ruwan gishiri da kyakkyawar niyya, har komai ya yamushe.

Zafi ne ya fi ba ni tsoro. Wani gida sun yi tafiyar hutun Sallah, aka kashe na'urar sanyaya ɗaki, muka tarar da rassan sun yi fari fat kamar ƙashin da ya daɗe a rana. Murjani idan ya wahala korar gansakukar jikinsa yake yi, daga nan yunwa ta kama shi. Haka ya faru a babban tsaunin murjani na Ostareliya a 1998, da 2016, da 2017, da 2024. Ƙarin digiri ɗaya kacal a kan zafin bazarar da aka saba, idan ya ɗauki makonni, ya isa. Tsaunukan nan ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na ƙasan teku ba, amma kusan rubu'in nau'o'in halittun teku a can suke samun mafaka.

Wajen tsari kuwa, da farko tara duwatsu nake yi kamar katanga a jikin gilashin baya. Baba ya rushe, ya ce in zaɓi wuri guda a teku in bi shi. Ya ba ni labarin Sanganeb, tsaunin da ke gaban Bur Sudan wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2016: masu rassa a sama inda haske da igiyar ruwa suka fi ƙarfi, masu laushi a gangare, ga koguna da lunguna da kifi ke fakewa, ga filin yashi a buɗe. Famfunan motsa ruwa muke kafawa suna fuskantar juna, don ruwan ya riƙa kai da kawo maimakon ya bi hanya ɗaya. Kuma a bar tazara, domin murjani na faɗa da maƙwabcinsa, wasu da dare suke miƙo dogayen hannaye su yi harbi.

Ban yarda da sayen kifin da ba a san asalinsa ba. A wasu sassan Indunusiya da Filifin an daɗe ana fesa gubar sayanayid don a sumar da kifi a kama, gubar kuma ta kashe murjanin wurin. Mukan nemi wanda aka ƙyanƙyashe a gona, murjani kuwa yankan reshe muke yi daga namu mu manna a ɗan dutse.

Reshen farko da Baba ya bar ni na yanka da hannuna bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Na sa shi can sama kusa da fitila, ina auna shi da rula duk ranar Asabar. Sai da ya yi wata uku yana shimfiɗa gindi a kan dutsen kafin ya fitar da reshe na biyu.