Gas ɗin AC ba ya ƙarewa da kansa

Da zarar an shiga watan Maris zafi ya kankama, kiran da mai gyaran AC ya fi samu shi ne: "Malam, zo ka ƙara mana gas, ta daina sanyi." Babban darasin da wannan aiki yake koya wa mutum kuwa shi ne gas ba fetur ba ne. Yana zagayawa ne a cikin bututun da yake a rufe ruf, daga kwamfuresa, wato injin da ke matsa gas a na'urar waje, zuwa na'urar cikin ɗaki ya dawo. In ya ragu, to akwai inda yake zurarewa. Wanda ya ƙara gas bai toshe wurin ba, kuɗin maigida kawai ya ci, nan da wata biyu za a sake kiransa.

Kafin ma a ɗauko geji, wato ma'aunin matsin gas, a fara duba iska. Ƙurar hunturu tana toshe filtar cikin ɗaki, ta kuma cika haƙarƙarin kwandensa, wato siraran ƙarafan da ke fitar da zafi a na'urar waje, har zafi ya kasa fita. Filta a cire ta a wanke da ruwa duk mako biyu a lokacin ƙura, ta bushe a inuwa kafin a mayar. Kwandensa kuma a kashe wuta tukuna, sannan a wanke da ruwa mara ƙarfin feshi, domin ƙarfen nan siriri ne, yana lanƙwashewa. Bayan an wanke a kunna na minti 15, a auna iskar da ke shiga da wadda ke fita. In bambancin ya kai digiri 8 zuwa 12 a ma'aunin Salshiyas, na'urar lafiyarta lau. Ƙanƙara a jikin bututu ma ba lallai ƙarancin gas ba ne, toshewar filta ko mutuwar fankar ciki suna kawo ta.

Sai wuta. Na'urar an yi ta ne don bolt 220 zuwa 240. In wuta ta yi ƙasa sosai, kwamfuresa sai ta riƙa gurnani tana neman tashi ta kasa, tana jan wuta fiye da kima, har waya ta ƙone a cikinta. Shi ya sa sitabilaiza mai jinkirin minti uku ya fi kuɗinsa amfani: idan aka ɗauke wuta aka dawo da ita nan take, matsin da ke cikin bututu bai daidaita ba, tayar da kwamfuresa a wannan hali yana cinye rayuwarta. Haka nan a lokacin sauyawa zuwa janareta. Idan fankar waje tana juyawa amma kwamfuresa shiru, a fara zargin kafasita, wato 'yar gwangwanin da ke tara wuta ta taimaki kwamfuresa tashi. Wani lokaci za a ga kanta ya kumbura, wani lokaci sai an sa mita. A sauke cajin da ke cikinta kafin a taɓa, tana riƙe wuta ko bayan an kashe. Lambar da ke jikinta, misali maikurofarad 35, ita za a saya, ba wadda aka samu a shago ba. Kwamfuresa da yawa da aka yanke wa hukuncin mutuwa, kafasita ce kawai ta kwanta.

In duk wannan lafiya, sannan a koma kan gas. Yawancin yoyo a bakin noti yake, inda aka buɗe bakin bututun jan ƙarfe aka ɗaure, musamman in an tsaga shi wurin buɗewa ko an matse fiye da kima. Maiƙo a jikin mahaɗi alama ce, domin man kwamfuresa yana biyo gas. A shafa ruwan sabulu a ga inda yake kumfa. In bai nuna ba, a matsa naitirojin a bar shi a ga ko allurar geji za ta sauka. Kada a kuskura a yi wannan gwaji da iskar oksijin ta masu walda, haɗuwarta da mai tana tarwatsa na'ura da mai gyaran gaba ɗaya.

Bayan an gyara, dole a ja bakyum, wato a zuƙe iska da danshin cikin bututu da famfo, har ma'auninsa ya sauka maikuron 500. Dabarar nan ta sakin gas kaɗan wai ya kori iska ba ta fitar da danshi, kuma man da ke cikin na'urori masu gas ɗin R410A yana shan danshi sosai, ya zama asid ya ci kwamfuresa a hankali. Sannan a zuba gas da sikeli, gwargwadon giram ɗin da aka rubuta a jikin na'urar waje, ba da taɓa bututu a ji sanyi ba. R410A gauraye ne na gas biyu, don haka a ruwansa ake zuba shi. Matsinsa ya fi na tsohon gas R22 da kusan rabi ko fiye, mansu ma ba ɗaya ba ne, ba a zuba wannan a gidan wancan. Gas ɗin R32 kuwa yana iya kama wuta, a tabbatar an kwashe shi kaf kafin a kunna wutar walda.

Maganar canji: tsohuwar na'ura mai R22 da kwamfuresarta ta ƙone, a ganina ba ta cancanci sabuwar kwamfuresa ba, tunda ana janye wannan gas daga kasuwa a ƙarƙashin Yarjejeniyar Montreal ta 1987. In za a sayi sabuwa a duba girman ɗaki: AC mai ƙarfin doki ɗaya wajen BTU 9,000 ne a ma'aunin ƙarfin sanyi, ɗaya da rabi 12,000, biyu 18,000. Ɗakin da ke ƙarƙashin kwano babu silin mai kyau, ko mai taga a yamma, yana bukatar mataki na gaba. Kafin a cire tsohuwar kuma, in kwamfuresarta na aiki, a mayar da gas ɗinta cikin na'urar waje: a rufe bawul ɗin ƙaramin bututu tana aiki, allura ta kusa sifili a rufe na babban, a kashe wuta nan take.