Ƙwaryar nono da ƙwayar magani

Maganin da mutum ya haɗiye bai shiga jikinsa ba tukuna, ko da ya kora da ruwa ya yi hamdala. Daga maƙogwaro zuwa ƙarshen hanji hanya ce guda, kuma abin da ke cikinta ba ya amfanar jiki sai ya ratsa bangon hanji ya faɗa cikin jini. A ganina mu a nan Damagaram mun fi kula da sunan magani da kuɗinsa fiye da abin da yake tararwa a cikinmu, alhali sau da yawa abin da ya tarar ne ke sa ya yi aiki ko ya bi bayan gida.

Aikin tumbi shi ne ya jiƙa ƙwayar ta farfashe ta narke a cikin ruwansa mai tsami, kuma kaɗan ne daga cikin maganin ke shiga jini daga nan. Babban aikin yana ƙaramin hanji. Duk wanda ya taɓa wanke kayan cikin ragon layya, ya juya hanjin ya shafa cikinsa da yatsa, ya san yana da laushi kamar karan-miski. Wannan laushin miliyoyin ƙananan tsiro ne da ido ba ya rarrabewa, kowanne da jijiyoyin jini a cikinsa, kuma su ne suka sa faɗin cikin ƙaramin hanjin babban mutum ya kai kusan murabba'in mita 30, kamar yadda masana a ƙasar Suwidin suka ƙiyasta a 2014. Saboda haka saurin aikin magani ya danganta da saurin da tumbi ya sake shi. Ruwa a cikin da babu komai yana wucewa cikin mintoci, amma tuwo da miya mai maiƙo kan zauna awa uku zuwa huɗu. Farasitamol kan kai ƙarfinsa a jini cikin minti 30 zuwa 60, sai dai wanda ya sha shi bayan ya cika ciki zai daɗe yana jiran ciwon kan ya sauka.

Jinin da ya kwaso magani daga hanji kuma sai ya bi ta hanta kafin ya zagaya jiki, ita kuwa hanta tana lalata wani kaso. Wannan ne dalilin da ya sa ake ajiye wani maganin ciwon zuciya a ƙarƙashin harshe maimakon a haɗiye shi. Insulin na masu ciwon sukari kuwa ciki yana narkar da shi kamar kowane abinci, shi ya sa ake yin allurarsa. Wannan ba hujja ba ce ga masu cewa allura ta fi ƙwaya ƙarfi a kowane hali, domin maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake kira sifiro, alal misali, kusan kashi 70 cikin 100 nasa yana isa jini ta baki.

Inda na fi son mu tsaya shi ne kan nono, tunda da wuya a yini a gidajenmu ba a dama fura ba. Maganin masassarar cizon sauro da aka fi sani da Coartem, wanda ake sha sau 6 cikin kwana 3, yana ɗauke da wani sinadari da ba ya narkewa sosai sai da maiƙo. Gwajin da aka yi a kan masu lafiya ya nuna cewa abinci mai maiƙo yana iya ninka abin da ke shiga jini har sau 16. Matsalar ita ce mai masassara ba ya son ganin abinci, don haka sai a ba shi ƙwayar da ruwa zalla, zazzaɓin ya lafa kwana kaɗan ya dawo, a ce maganin jabu ne. Ƴan ludayin nono, ko kunun gyaɗa, ko nonon uwa ga jariri, sun isa su taimaka. Idan kuma mara lafiyan ya yi amai cikin awa guda da sha, sai a sake ba shi.

Wannan nonon dai shi ne ke ɓata wasu magungunan. Sifiro, da tetarasaikilin, wato kafson nan mai ja da ruwan ɗorawa da masu talla ke yawo da shi a tire a kasuwar Dole da tashoshin mota, duka biyun suna maƙalewa da kalsiyam ɗin da ke cikin nono su zama wani abin da hanji ba ya iya tsotsewa. Mai gudawa da ya kora kafso da fura ya zubar da babban kaso na maganinsa bai sani ba, kuma ragowar da ta shiga ba ta isa ta kashe ƙwayoyin cuta ba, sai dai ta koya musu juriya. Abin da ya dace shi ne a raba su da nono da aƙalla awa biyu. Mai tire ba zai faɗa maka haka ba, domin shi ma ƙwayoyin kawai ya saro, babu takardar da ke cikin kwalin.

Shayi ma yana da nasa laifin. Ƙwayar ƙarin jini da ake ba mata masu juna biyu a wajen awo ba ta jituwa da shi, domin sinadarin da ke sa shayi bauri yana riƙe ƙarfen da ke cikinta ya hana shi shiga jini. Ruwan lemon tsami kuwa yana taimaka mata. Kanwa, da yake tana rage tsamin tumbi, ita ma ba abokiyar tafiyarta ba ce.

Akwai kuma al'adar daka ƙwaya ko buɗe kafso a zuba a koko don a sauƙaƙa wa tsoho ko yaro. Ga wasu magunguna babu laifi, amma wasu an lulluɓe su ne da gangan. Ƴan ƙwayoyin da ke cikin kafson omefirazol na masu gyambon ciki suna da rufin da ke kare su daga tsamin tumbi har su isa hanji, kuma wanda ya tauna su ya lalata maganin. Wasu magungunan hawan jini an yi su ne su riƙa saki a hankali tsawon yini, idan aka daka su sai maganin ya shiga jini gaba ɗaya a lokaci guda, jinin ya sauka fiye da kima har mutum ya yanke jiki ya faɗi.