Ƙurar Bodele da na ɗauka gansakuka ce

Juma'ar nan na miƙa makullin ofis bayan shekara huɗu a Garwa ta Kamaru. Abokan aiki sun san zancen wancan Janairun da na sa hannu a kan taswirar launin ruwan teku mai kuskure, amma daga bakin maigida suka ji shi. Yau sai su ji daga nawa.

Hasken da tauraron ɗan'adam ke kamawa a kan teku, kusan kashi 90 cikin 100 daga iskar sama yake fitowa, ba daga ruwa ba. Kafin ka ce ga ainihin launin ruwa, sai ka tace shi da ƙarfin iska da nauyinta da tururin ruwa da ozon. Hoton tauraron Sentinel-3 yakan iso cikin awa uku, tabbatattun bayanan yanayi kuwa sai daga baya. Don haka da hasashen cibiyar ECMWF ta Turai ake aikin gaggawa, kuma babu aibu a nan.

A wani mako na wancan Janairun iskar da ke kurɗawa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta kwashi ƙurar kwarin Bodele a arewacin Chadi, ta bi ta kanmu har gaɓar tekun Gini. Da fitila masu babur ke tafiya da rana tsaka. Ita wannan ƙura shanye shuɗin haske take yi, manhaja kuma idan ta ga shuɗi ya ragu sai ta ce gansakuka ce ta yi yawa. Bayanan da na zuba mata babu ƙura a cikinsu. Taswirar ruwan Kribi, garin da ke gaɓar tekun Kamaru, ta fito kamar gonar shinkafa da damina.

Jikina bai ba ni ba. Na ce, "Yallaɓai, a dakata hazon ya lafa." Ya ce masu ba da kuɗin aikin na jira, in sa hannu kawai. Na sa. Nan ne laifina, kuma har gobe yana ci mini rai: hazon da nake shaƙa ta taga ya fi kwamfuta gaskiya, na gani da idona, amma ban rubuta ko layi ɗaya na gargaɗi ba.

Da sama ta washe, sababbin hotuna suka nuna ruwan lafiya lau. A taron Litinin maigida ya ce yaro ne ya yi gaggawa. Ni ne yaron, mai 'ya'ya uku. Babu wanda ya ɗaga kai, har waɗanda suka ji abin da na faɗa masa.

Sauran abin da na koya ba shi da yawa. Umarnin baki, in nemi a rubuce. Taswirar da aka gina kan hasashe, in rubuta hakan a goshinta. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuwa, hoton Bodele na MODIS, wata na'urar ɗaukar hoto ta tauraron ɗan'adam, nake fara buɗewa kafin komai.

Na tsara matakin duba ƙura kafin fitar da kowace taswira, kuma da shi sashen ke aiki shekara biyu ke nan. Sunan maigida ne a kan takardar. Ƙanen da zai gaje ni na zaunar da shi jiya, na nuna masa hoton Kribi na ranar nan da na mako guda bayansa, gefe da gefe.