Allurar tsutsar ciki ba ta ƙarewa a jikin saniya

Allurar aibamektin, wadda makiyayanmu suke kira Ivomec ko da wane kamfani ne ya yi ta, ba ta narkewa ta ɓace a jikin dabba. Hanta ce take tura maganin cikin hanji, ya fito a kashi, fiye da 90 cikin 100 na abin da aka tsira, kuma mafi yawansa da ƙarfinsa yake fitowa. Yakan fi yawa a kashin kwanakin farko bayan allura, sannan ya riƙa raguwa har tsawon makonni. Ke nan duk inda saniyar ta yi kashi a wannan tsakanin, ta ajiye wa ƙwarin ƙasa magani.

Ina aikin lafiyar dabbobi a garkunan da ke tsakanin Rigachikun da Maraban Jos, da wasu rugage ta hanyar Kachia. Makiyayi ba ya yarda da abin da bai gani da idonsa ba, shi ya sa nake yin wannan gwaji a gabansu, kuma kowa zai iya yi a garkensa.

A farkon damina ake yi, wajen watan Yuni, lokacin da ƙasa ta jiƙa buzuzu ya fito sosai. Ina ware shanun da aka yi wa allura da waɗanda ba a yi wa ba, amma duk garke ɗaya, kiwo ɗaya, don kada bambancin abinci ya rikita lissafi. Da asubar kwana na uku ko na huɗu bayan allura sai in kwashi kashi mai ɗumi daga kowane ɓangare, bokiti daban daban, kafin ƙuda ko buzuzu ya sauka a kai. Da kwano ɗaya nake aunawa, in kife a ƙasa mai ciyawa, tazarar kamar mita 2 tsakanin tuli da tuli, ina sassaɓawa: na allura, marar allura, na allura. Kowanne da turken shaida. Sai in kifa ragar waya mai manyan ƙofofi a kai, domin idan ba haka ba kaji da zabi za su tone komai kafin azahar.

Washegari ba a ganin bambanci, kuma nan ne masu garaje suke cewa ai babu komai. Buzuzu yana zuwa wa duka biyun, wani lokaci ma ya fi taruwa a kan mai maganin. Sai an yi mako guda ake fara gani. Idan ka ɗaga ɓawon tulin da ba shi da magani, ƙasansa duk huji ne kamar rariya, ga sabuwar jar ƙasa da aka turo daga ƙasa a gefe, ga tsutsar ƙuda tana motsi. Mai maganin kuwa cikinsa shiru, tsutsar ƙuda babu ko kaɗan ce. Bayan mako uku sai in sa fartanya in haƙa ƙarƙashin kowane tuli, zurfin santimita 20 zuwa 30, a hankali. A nan ake samun dunƙulen kashi masu kamar girman goro ko ƙasa da haka, waɗanda uwar buzuzu ta binne, kowanne da ƙwai ɗaya a ciki. Ka fasa na ɓangaren da ba magani, za ka ga farar tsutsa a lanƙwashe, mai ƙusumbi, tana cin dunƙulen daga ciki. Na ɓangaren allura sau da yawa ko ka tarar da tsutsar ta mutu ta yi baƙi, ko ta tsumbure. Uwar ta yi wahalarta, ta haƙa rami ta binne, amma ba za a sami wanda zai gaje ta ba. Wannan dunƙulen nake ɗora wa Ardo a tafin hannu, kuma daga nan ba a cika yi mini gardama ba.

Gwajin yakan ɓaci ta hanyoyi sanannu. A rani ba ya nuna komai, don buzuzu yana ƙarƙashin ƙasa, gara ce take cinye busasshen kashi. Ruwa mai ƙarfi a daren farko yana wanke tulin. Kashin gudawa ba ya tsayawa. Kuma idan maganin zubawa a gadon baya aka yi amfani da shi, to sai an raba shanun gaba ɗaya, saboda suna lasar juna, wadda ba a zuba wa ba ta haɗiye na 'yar'uwarta, ita ma kashinta ya fito da magani.

Dalilin duk wannan yana cikin yadda maganin yake aiki. Yana shanye jijiya da tsokar tsutsar ciki ne, ta kasa motsi ta kasa ci. Irin wannan tsarin jijiyar ƙwari ma suna da shi, don haka maganin ba ya tantance tsutsar hanji da ɗan buzuzu. Abin mamaki, shi kansa daga ƙasa ya fito: daga wata ƙwayar halitta da Satoshi Omura ya samo a ƙasar Japan, William Campbell ya gano amfaninta, aka fara sayar da shi don dabbobi a 1981, su biyun kuma suka sami kyautar Nobel a 2015. Magani ne na kirki, kada a ji ni da kushe shi. Shi ne ake raba wa mutane don cutar makantar da ƙudan bakin rafi yake kawowa. Amma tun 1987 wasu masana biyu a Ingila, Richard Wall da Les Strong, suka nuna cewa kashin maruƙan da aka ɗura wa irin ƙwayar da take sakin maganin a hankali yana nan kusan yadda yake bayan kwana 100, alhali na sauran ya riga ya ruɓe ya bi ƙasa.

Ba duk halittun ƙasa ne suke jin jiki daidai ba. Tsutsar ƙuda ce ta fi saurin mutuwa, sai 'ya'yan buzuzu. Babban buzuzu yakan rayu, amma ƙarfinsa da jin warinsa suna raguwa, ƙwai ma ya ragu. Tanar ƙasa kuwa ta fi su juriya a irin adadin da ake samu a fili, sai dai ita takan zo ne daga baya, bayan masu huda sun buɗe mata hanya. Waɗanda ba sa jurewa ko kaɗan su ne ƙananan halittun ruwa, irin waɗanda 'ya'yan kifi suke ci.

Wani zai ce to ina ruwan makiyayi da buzuzu? Saniya tana kashi wajen sau 10 zuwa 12 a yini. Tulin da ba a binne ba yana danne ciyawa, shanu kuma suna ƙyamar cin wadda ke kewayensa. Takin da ya kamata ya shiga ƙasa sai rana ta ƙone shi a sama. Ramukan buzuzu ne suke shigar da ruwan sama ƙasa mai tauri irin tamu. Sannan ƙwan tsutsar ciki a cikin kashi yake ƙyanƙyashewa, ya hau ciyawa, dabba ta sake ci. Idan aka wargaza tulin da wuri ya bushe ko aka binne shi, da yawa ba sa kaiwa. Ostireliya ta ɗanɗana rashinsa: buzuzun ƙasarsu bai iya da kashin shanu ba, makiyaya ta cika da tuli da ƙuda, har daga shekarun 1960 zuwa 1980 suka riƙa shigo da buzuzu daga waje, da yawa daga Afirka. Abin da suka kashe kuɗi suka ɗauko, mu kyauta muke da shi.

Ga yadda nake tafiyar da magani yanzu. A farkon damina, lokacin da buzuzu yake hayayyafa, idan tsutsar ciki kawai nake nufi, ɗurar albendazol ko lebamizol nake bayarwa. Illarsu ga ƙwarin kashi kaɗan ce ƙwarai, lebamizol ma ta fitsari yake fita da sauri. Albendazol miligiram 7.5 ne ga kowane kilo, a kai shi 10 idan ana zargin ciwon hanta, kuma ba a ba saniyar da ba ta daɗe da ɗaukar ciki ba. Masu kiwo a fadama su lura da wannan: aibamektin zalla ba ya kashe tsutsar hanta, sai wanda aka haɗa da kulosulon. Na sha ganin an yi wa garke allura ana jiran kumburin haɓa da tsutsar hanta ta kawo ya sauka, alhali maganin bai taɓa cutar ba, buzuzu kawai aka kashe.

Aibamektin ina ajiye shi ga inda ya fi kowa: ƙazuwa, ƙwarƙwata, ko dabbar da ta haɗa tsutsar ciki da ƙwarin fata. In da hali a rani nake yi, lokacin da ƙwarin suke kwance. Idan dole ta sa a damina, dabbar tana zama a turke ko cikin garke aƙalla mako biyu, a kai mata ciyawa, a kwashe kashinta a tara wuri guda nesa da rafi da rijiya. Tarin nan a riƙa juya shi iska ta shiga, a bar shi watanni kafin a kai gona. Rana tana lalata maganin da ke sama sama, amma wanda ɓawo ya rufe yana daɗewa. Ga masu shanun turka da shanun huɗa wannan ba wahala ba ne, tunda dama a ɗaure suke. Inda ake samun moksidektin, wani maganin tsutsa dangin aibamektin, ya fi sauƙi ga buzuzu. Doramektin kuwa, shi ma danginsu ne, bai fi aibamektin rangwame ba. Saniyar da ake tatsa don a sha ko a kai nono kasuwa ba a yi mata wannan allura, ko da kuwa babu maganar ƙwari.

Sai awo, inda aka fi yin ɓarna. Allurar da aka rubuta 1% a kwalbarta, mil 1 ne ga kilo 50, ƙarƙashin fata. Na zubawa a baya mil 1 ga kilo 10. Amma a ruga sai ka ga an cika sirinji mai mil 10 ga kowace saniya, wai don ya fi kama jiki. Ba ya ƙara kashe tsutsa, ragowar a kashi take fita. Inda babu sikeli ina amfani da tef ɗin tela: a auna zagayen ƙirji daf da bayan ƙafafun gaba, a auna tsawo daga kafaɗa zuwa ƙashin gindin wutsiya, duk a santimita. A ninka zagayen da kansa, a ninka da tsawon, a raba da 10,840. Bunajin da zagayenta 150 ne tsawonta 120 za ta kama kilo 250, wato mil 5.

Kuma ba kowace dabba nake yi wa ba. Manyan shanu masu jiki sun riga sun saba da tsutsa. Maruƙa, da ramammu, da masu gudawa su ne masu bukata. A tumaki da awaki ina janye fatar ido ta ƙasa: ja ko ruwan hoda mai kyau a bar ta, wadda ta yi fari fat a ba ta magani. Barin wasu ba magani yana da riba biyu, buzuzu ya sami kashi mai tsabta, tsutsar kuma ba ta saurin gagarar magani. Wanda yake shakka ya kai kashin dabbarsa asibitin dabbobi a duba ƙwai, ko asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya.

Maganin kaska da ƙudan tsando ma yana cikin wannan lissafi, kuma an fi mantawa da shi. Saifametrin da deltametrin na zubawa a baya suna fita a kashi, su kam har babban buzuzu suke kashewa. Binciken da aka yi a Zimbabuwe ya nuna tsando a ƙafafu da ciki ya fi cizo, don haka feshi a ƙafafu da ciki, a haɗa da kunnuwa da gindin wutsiya saboda kaska, yana wadatarwa da magani kaɗan, kuma abin da ke kaiwa kashi ya ragu sosai. Idan kaska ce kaɗai damuwar, amitiraz ya fi sauƙi ga ƙwarin kashi. Ruwan wankin famfon feshi kuwa a haƙa masa rami a tudu a zuba a rufe, kada a ɗauraye shi a rafi, domin ɗan kaɗan na saifametrin ya isa ya kashe kifin kududdufi, kuma rafukanmu da yawa Kogin Kaduna suke gangarawa.