Ranin da na kusa kashe saniyata da dusa

Shekara uku kenan da na fara kiwon shanun madara a wani ɗan fili da nake da shi can bayan Rigachikun, guda huɗu ne kacal, biyu Bunaji zalla, biyu kuma ruwa biyu wato Bunaji da Friesian, shanun Turawa masu yawan madara, irin haɗin nan da suke yi a NAPRI, cibiyar binciken kiwon dabbobi ta Shika. Gaskiya lokacin da na fara ni dai tunanina in dai cikin saniya ya cika to shikenan an gama, ban san cika ciki daban ƙoshi daban ba.

Babbar cikin ruwa biyun ta haihu a watan Oktoba, lokacin da sauran ɗanyar ciyawa, tana ba ni lita 11 a rana tsakanin safe da yamma, ina ta murna. Da hunturu ya shigo ciyawa ta bushe sai na koma karan dawa da ɗan kwanon dusa ɗaya. Madarar bata faɗi lokaci ɗaya ba, a hankali ta sauko 9, ta sauko 7, ni kuma nace ai tana ƙoƙari tunda rani ne. Abinda ban lura da shi ba shine haƙarƙarinta duk sun fito ana ƙirgawa, ƙashin ƙugu ya yi tsini, kuma har wata biyar da haihuwa ko sau ɗaya bata nemi barbara ba.

Wani dattijon Bafulatani da ke zaune kusa da mu, Baffa nake ce masa, shi ya tsaya ya kalle ta ya girgiza kai yace, Alhaji wannan ai jikinta kake tatsa ba abincinta ba. Wallahi maganar ta zauna min. Daga baya likitan dabbobi ya ƙara min bayani cewa watanni biyu zuwa uku na farko bayan haihuwa sune lokacin da saniya ta fi buƙatar abinci mai ƙarfi, in bata samu ba sai ta dinga narkar da kitsen jikinta tana zubawa a hantsa, jikin kuma da ya ga ana cikin yunwa abu na farko da yake dakatarwa shine harkar haihuwa. Lafiyayyar saniya duk kwana 21 take neman namiji, cikinta kuma wata tara ne da ƴan kwanaki, kaga in kana son maraƙi duk shekara dole ta ɗauki ciki wajen wata uku da haihuwa. Ni tawa sai da ta kai wata takwas. Kuɗin abincin da nake ganin na adana, na biya shi da maraƙi da kuma madarar watanni.

To kuskure na biyu shi ya fi ciwo, don da hannuna na yi shi ina ganin gyara nake. Na tafi kasuwa na lodo dusar masara mai gari sosai har da tsaki, a dare ɗaya na cika mata komi nace ci ki murmure. Ta cinye tas. Washegari ta ƙi kallon abinci, ta daina tuƙa, ga zawo ruwa ruwa mai warin tsami, tana tsaye kai a ƙasa, madara ko lita 2 ba a samu ba. Ranar ban iya cin abinci ba. Likita ya zo ya ɗura mata magani da bekin soda, yace a cire dusar gaba ɗaya a bar ta da busasshiyar ciyawa da ruwa. Yace a tumbin saniya akwai ƙananan halittu da suke narka mata abinci, in ka canza musu abinci farat ɗaya da hatsi mai yawa sai cikin ya yi tsami ya kashe su, wata saniyar ma mutuwa take. Allah ya tashe ta, amma ta yi makonni tana ɗingishi saboda abun har kofato yake taɓawa. Yace duk canjin abinci a ja shi wajen sati biyu, kaɗan kaɗan, kuma ciyawa ta riga dusa shiga ciki.

Yanzu tun kaka nake shirin rani. Harawar wake da ta gyaɗa ina saye lokacin da ake girbi tana araha, in jibge a rumfa inda ruwa da rana basa taɓawa, don ita ce ke da sinadarin gina jiki da karan dawa bashi da shi. Na shuka ciyawar Napier a gefen rijiyar burtsatse muna yanka muna daddatsawa. Dusar kuma ina haɗa ta da ƙulin auduga, ina ba kowace gwargwadon madarar da take bayarwa, kamar kilo ɗaya a kan duk lita biyu zuwa biyu da rabi, raba biyu safe da yamma. Duk buhun da na ga ya yi fumfuna zubarwa nake ko da sabo ne, saboda gubarsa tana fitowa a madara, kuma yarana ma ita suke sha.

Ruwa kuma, mutane suna raina shi, alhali kusan kashi 87 cikin ɗari na madara ruwa ne. A zafin Maris da Afrilu da muke basu sau biyu a rana da bokiti, ranar da na sa aka gina kwatami ruwa ya zauna a gabansu kullum, cikin sati guda na ga ƙari a jarka ba tare da na ƙara ko mudu ɗaya na dusa ba. Haka gishirin lasa, da ina ganin Bunajin nan suna taunar ƙashi da leda suna lasar ƙasa ina ɗauka iskanci ne, ashe ƙarancin ma'adinai ne musamman fosfaras, tunda na rataye musu dutsen lasa abun ya ragu sosai.

Abinda ya fi min wuya shine daina tatsa wata biyu kafin haihuwa, kana ganin madara a hantsa ka barta, ga masu kindirmo suna kiran waya. Amma na daure, kuma ban bar babbar ruwa biyun nan ta yi ƙiba da yawa ba don likita yace mai kitse tana shan wuya wajen haihuwa da bayanta. Ta haifi maraƙa mace, mabiyiya ta faɗo da kanta ba a sa hannu ba, kwana 68 da haihuwa yaron da ke kula da su ya kira ni da sassafe yace Alhaji ta fara hawa ƴan uwanta, alamar tana neman barbara kenan.