Lokacin da kyamarata ta daina jin maganar lens

Ɗaukar hoton biki ce sana'ata, kuma da hunturu aiki ya fi yawa, ƙura ma haka. A irin wannan lokaci kyamarata ta tsiro da wani hali: ina tsaka da aiki sai fokas ya tsaya cak, lambar ƙofar haske (wato ramin cikin lens da haske ke bi, mai buɗewa da tsukewa) ta ɓace daga allo, maɓallin ɗauka ya ƙi amsawa. In na kashe na kunna sai ta dawo, can an jima ta sake. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban amarya da ƙawayenta ranar kamu ana jiransa ya san nauyin abin a zuciya.

Kyamarar zamani da lens ɗinta ta lantarki suke magana. Cire lens ka leƙa bakin kyamarar, a yawancin kyamarori za ka ga jerin ƴan tsinke masu ruwan gwal, kowanne da sifirin a ƙarƙashinsa. A gindin lens kuma akwai ƴan faranti da suke hawa kansu idan an murɗa ya kulle. Ta nan wuta ke isa motar fokas, ta nan bayani ke kai da komowa. Tun da kamfanin Canon ya fito da tsarinsa na haɗa lens da kyamara mai suna EF a 1987, a wannan tsari hatta tsuke ƙofar haske ta wannan hanya ake ba da umarninsa, shi ya sa tsinke ɗaya in bai taɓa da kyau ba komai ke tsayawa. In haka ta faru, masu Canon sukan ga Err 01 ko F00 a allo, masu Nikon da Sony kuma F da layi biyu a gabanta. Amma mai Nikon da ya ga FEE kada ya wahalar da kansa da goge-goge: zoben ƙofar haske na tsohon lens ne ba a mayar kan lamba mafi girma an kulle ba.

Kafin na taɓa komai sai da na raba gardama tsakanin kyamarar da lens ɗin. Na ɗaura wani lens a kyamarar, ta yi aiki lafiya lau. Na kai lens ɗin da nake zargi wurin wani abokin sana'a muka ɗaura a tasa, can ma ya yi gardama. Wannan gwaji ba ya cin ko sisi, amma shi ne mutane suka fi tsallakewa, sai ka ga an kai kyamara lafiyayya wurin mai gyara an buɗe ta a banza.

Daga nan na zo kan shara. Na kashe kyamarar, na cire batir, na kifa bakinta ƙasa don kada datti ya faɗa kan madubi ko sansa (farantin da ke ɗaukar hoton), na hura da ɗan famfon roba. Ba a hurawa da baki, saboda tururin numfashi da yawu. Da na haska gindin lens da tocila sai na ga farantan sun dushe: gumin hannu da maiƙo sun haɗu da ƙura sun yi wani siririn danƙo. Na fara da busasshen ƙyallen goge tabarau, sannan na ɗiga sinadarin isopropyl mai kashi 99 cikin ɗari, irin na masu gyaran waya, a kan audugar goge kunne, na matse ta har ta kusa bushewa, na shafa a hankali. Audugar ta fito da baƙi-baƙi. Tsinken kyamarar kuma na danna su ɗaya bayan ɗaya da tsinken sakace, in ga ko akwai wanda ya nutse bai dawo ba. Duk sun dawo.

Akwai masu cewa a goge da kilinar fensir. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Ruwan gwal ɗin siriri ne ƙwarai, kilina tana kankare shi, ɓurɓushinta kuma cikin kyamara yake zuba. In gwal ya tafi, ƙarfen da ke ƙasa sai ya fara dushewa, matsalar ta zauna daram.

Sharar ta rage abin sosai, sai dai bai tafi duka ba, kuma a nan ne na fi ƙaruwa. Na fara lura da lokacin da yake zuwa. Ba ya zuwa sai na juya kyamarar a tsaye, ko na saki lens ɗin nauyinsa ya rinjaya ƙasa. In na tallafe shi da hannu sai lambar ta dawo. Datti ba ruwansa da yadda ka riƙe kyamara, don haka akwai abin da ke motsi. Na girgiza zoben ƙarfen da ke gindin lens ɗin, na ji yana ɗan wasa. Sukurorin da suka riƙe shi ne suka saki, saboda shekarun da ya yi yana lilo a kafaɗata da jijjigar babur. Na ɗaure su daidai kima, ba da ƙarfi ba. A kula da sukudireba: yawancin kayan Japan sukurorinsu na tsarin JIS ne, suna kama da na Phillips masu kan kuros, amma in bakin bai zauna daidai ba sai ya cinye kan sukurun. Tun daga ranar lens ɗin bai sake yi mini gardama ba.

Bayan datti da sakin sukuru, akwai nau'i na uku da ba a gyara shi a gida, na gan shi a lens ɗin wani yaron shagonmu. Idan ƙofar haske na buɗe gaba ɗaya yana ɗauka lafiya, da zarar an tsuke ta zuwa f/8 ko f/11 sai kyamara ta tsaya, musamman in an ja zum zuwa wani wuri. Wannan siririyar wayar fileks ce ta cikin lens ta tsage saboda yawan lanƙwasuwa. Ko kwana za a yi ana goge faranti ba zai warke ba, sai mai gyara ya buɗe ya canza ta.

Yanzu ba na canza lens a fili idan iska na kaɗawa, sai na shiga mota ko ɗaki, kuma kullum kyamara a kashe. Murfin gindin lens a aljihun rigata yake zama, domin da na cire lens nake rufe shi kafin ya shiga jaka.